Fayil Na Uku

"Sake dubawa," in ji Jami'in Mulki. Yana tsaye a bayan kujera, numfashinsa na sauka a ƙeyar Injiniya. "Kuma a rubuce nake so. Ƙarfe uku kwamiti zai zauna."

Injiniya ya sake dubawa, karo na huɗu ke nan, rajistar manhajar da ke sa ido kan firjin magani kuwa ba ta canja magana ba. Daga ƙarfe biyu da rabi na ranar Asabar zuwa takwas na safiyar Litinin, duk rabin awa ta rubuta layi guda: sanyin firji ya ragu, an aika wa mai kula saƙo. Layi tamanin da huɗu reras, ba tsallake.

"An aika," ya ce.

"To, magana ta ƙare. Tsohon yana ta rantsuwa ko ɗaya bai gani ba. Ni dai na san inji ba ya ƙarya." Jami'in ya gyara zaman biro a aljihunsa ya fita neman shayi, ya bar ƙofar a buɗe kamar yadda ya saba.

Asibitin ba wani babba ba ne, kuma mutum ɗaya ne ke kula da kwamfutocinsa kaf. Injiniya kowa ke ce masa, ko na'urar buga takarda ce ta shaƙe, ko fanka ce ta tsaya. Ofishinsa ƙarƙashin matattakala yake, da can wurin ajiye tsintsiya da bokiti ne, har yanzu in zafi ya yi zafi sai ƙamshin sabulun wanke ƙasa ya taso. Daga inda yake zaune yana hango bencin da ke baranda. Baba mai sito na kai tun ƙarfe bakwai, hularsa a gwiwa.

Ranar Asabar injin babban firjin sito ya mutu. Ba wanda ya sani sai da aka buɗe shi ranar Litinin, iska mai ɗumi ta bugi fuskar mai buɗewa. Allurar masu ciwon suga da ta rigakafin yara, duk wadda ke ciki, sai kwandon shara. Yau Laraba, kwana na uku ke nan ana ba iyaye mata haƙuri a bakin taga, su juya da 'ya'yansu a hannu. Dole a sami mai laifi, kuma an samu. A cikin firjin akwai na'urar auna sanyi, aikinta ta sanar da manhajar, manhajar kuma ta aika saƙo wayar mai sito. Shekara ashirin da shida Baba ya yi yana riƙe da makullin siton nan, wata bakwai ya rage masa ya yi ritaya. In kwamiti ya ce sakaci ne, yau zai ajiye makullin, da takardar kora a hannu.

Abin da ya hana Injiniya sakat shi ne ya san mutumin. Baba ne fa wanda ya taɓa sauka daga bas a tsakiyar tafiya ya juyo gari saboda saƙo ɗaya tak, ashe ma ƙofar firjin ce wani bai rufe da kyau ba. Mutumin da ya yi haka ba zai kwana biyu yana kallon saƙo tamanin da huɗu ba.

Ya buɗe fayil ɗin saitin asibiti. Lambar Baba na nan. Ya bi ta da yatsa a kan allo, lamba bayan lamba, ya gwada da wadda ke wayarsa. Daidai take. Ya kusa rufewa, sai ya tuna cewa abin da ke rubuce a fayil daban, abin da manhaja ta ɗauka take aiki da shi daban. Ya umarce ta ta zayyano saitin da ke kanta a yanzu.

Ta zayyano. A layin mai kula, wata lamba ce dabam.

Bai buƙaci ya nemi mai ita ba. Duk duniya lamba biyu ya haddace, tasa da wannan.

Ita wannan manhaja, duk sanda aka tashe ta, ba ta san komai ba sai ta je faifan kwamfuta ta karanta fayilolin saiti. Takan fara da wanda ya zo da ita daga masu ƙera ta, mai lamba goma. Sai na asibiti, mai lamba ashirin, inda aka rubuta sanyin da ake so da lambar wanda za a sanar. In biyun suka saɓa, na baya take bi. Ba ta tambayar wa ya fi girma ko wa ya fi gaskiya, wanda ya yi magana a ƙarshe shi take ji. Shekara uku fayil biyun nan kaɗai take karantawa, da sunansu take kiransu. Sai mako biyu da suka wuce aka fitar da sabon zubin manhajar, Injiniya ya ɗora shi da hannunsa. Bayanin da ya zo da shi shafi tara ne, ya karanta biyu. A shafi na shida, yanzu ya gani, an ce daga yau manhaja za ta karanta duk fayil ɗin da ta tarar a jakar saiti, bi da bi, daga ƙaramar lamba zuwa babba.

Ya buɗe jakar. Goma, ashirin, sai can ƙasa wani ɗan mitsitsin fayil mai lamba casa'in da tara. Layi biyu ne a cikinsa. Na biyu lambar waya ce. Na farko kuwa tunatarwa ce da ya rubuta wa kansa: "Lambar Inna, gwaji ne kawai, a cire gobe."

Goben ta shekara uku ba ta zo ba.

Ya tuna ranar sarai. An yi wa mahaifiyarsa aiki a gwiwa, tana kwance a ɗakin mata na wannan asibitin, shi kuma yana gefen gadon da kwamfuta a cinya, yana jinya yana haɗa manhajar. Ya rasa wayar da zai yi gwaji da ita, ga ta Inna a kan matashi. Duk sanda ta yi ƙara sai Inna ta yi dariya ta ce wa ta gadon kusa, "Kin gani ko? Yana zaune kusa da ni amma sai ya aiko min wasiƙa." Da ya gama ya cire fayil ɗin daga jerin waɗanda ake karantawa, amma bai goge shi ba. Wa ke goge abin da ba ya cutar da kowa?

Sai kuma ya tuna safiyar Lahadi. Yana wanke babur a ƙofar gida Inna ta kira. "Auta, wayar nan tun jiya take kuka," ta ce. Shi kuwa kumfa a hannu, waya a maƙale da kafaɗa. "'Yan talla ne, Inna, ƙyale su. Zan kira ki anjima, sauri nake." Bai kira ba. Da ya ba ta minti ɗaya, da an kwashe allurar an kai wani firjin tun ba ta lalace ba.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda ke sa mutum fitsari ba shiri. Yana da mata da 'ya'ya uku. Aikinsa na kwantiragi ne, duk shekara ake sabuntawa. Wa zai sake ba shi kwamfuta ya riƙe in aka ji wannan labari? Ya dubi ƙofa, ba kowa. Ya ce wa kansa ai ko ba komai dole a cire fayil ɗin, gyaran ke nan, duk injiniyan da ya san aikinsa abin da zai fara yi ke nan. Gaskiya ne kuwa. Sai dai wanda ya san aikinsa zai fara ajiye kwafi, ya kira shaida. Shi bai yi ko ɗaya ba. Ya rubuta umarni, ya danna. Kwamfutar ba ta tambaye shi komai ba, fayil ɗin ya ɓace.

Ya kashe manhajar ya sake tashinta don ta karanta saiti sabo. A ruɗewarsa ya manta cewa duk sanda ta tashi takan aika saƙon gwaji.

A baranda, wayar Baba ta yi ƙara.

Daidai lokacin Jami'in Mulki ke dawowa da kofin shayinsa. Ya tsaya cak. "Baba, mene ne wannan?"

Baba ya ciro wayar daga aljihun gaba, ya nisantar da ita daga idonsa yana karantawa. "Na firji ne," ya ce a hankali. "Wai gwaji."

"Au, ashe tana karɓa! Wayar da ka ce ba abin da ya shigo mata?" Jami'in ya ɗaga murya don na kusa su ji, suka kuwa ji. "Injiniya, ka sa wannan ma a rahoto."

"Wallahi ranar bai shigo ba," in ji Baba. "Ga ta nan, ku duba."

"Goge saƙo ai ba aikin malamai ba ne, Baba. Jikana ma ya iya."

Jami'in ya wuce. Wata ma'aikaciyar jinya da ta tsaya kallo ta kawar da kai ta bi shi. Baba ya daɗe yana juya wayar a hannu, sannan ya taso ya tsaya a bakin ofishin, bai shigo ba, don dama wurin ba ya ɗaukar mutum biyu.

"Ɗana, kai ka san kan waɗannan abubuwa. Yana yiwuwa saƙo ya fito, ya ɓata a hanya?"

"Yakan faru, Baba." Injiniya bai ɗago daga allon ba.

"Har guda tamanin?"

Injiniya ya ci gaba da latse-latse a kwamfutarsa.

"To, ba komai. Ni ba cewa na yi ka rufa min asiri ba. Abin da injinka ya faɗa shi za ka rubuta, kada ka jefa kanka cikin rigima saboda ni." Ya murza hular a hannunsa. "Korar ba ta dame ni kamar yadda jiya na fara zargin kaina ba. Na ce ko dai na gani na manta? Ko tsufa ne ya fara taɓa min kai? Matata ta ce in daina faɗin haka, amma mutum ai ba ya sanin ranar da abin ke farawa."

Ya koma bencinsa.

Injiniya ya rubuta rahoton cikin minti goma. Manhaja ta aika saƙo tamanin da huɗu. Lambar da ke fayil ɗin asibiti ta mai sito ce. Saƙon gwaji na yau ya shiga wayarsa. Jimla uku, ko a gaban alƙali zai iya rantsuwa a kan kowacce, amma ya san abin da suke faɗa in aka jera su. Ya buga takardar, ya sa hannu, ya ninke ta ya sa a aljihu. Saura abu ɗaya a duniya da zai iya ƙaryata ta, yana can ƙetaren gari cikin jakar wata tsohuwa.

Ƙarfe sha biyu ya ce wa mai gadi zai je ya dawo. Babur ɗin ma bai yarda da kansa ya hau ba. Ya shiga bas, ya sauka, ya shiga wata. Duk hanya yana ce wa kansa gaisuwa za shi, ai ya kwana biyu bai je ba. Da ya lissafa sai ya ga mako biyar ne.

Inna na zaune gidan babbar yayarsa. Ya tarar da ita a baranda kan kujerar roba, ƙafar da aka yi wa aiki a miƙe kan ɗan benci, tana ɗinke bakin wata tsohuwar rigar matashi.

"Ikon Allah! Auta da rana tsaka? Hanya ka ɓata, ko korar ka aka yi?"

Ya durƙusa ya gaishe ta, dariyar da ya ƙaƙalo ba ta fito da kyau ba. Ta tambayi matarsa, ta tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya, har da tarin ƙaramar. Ta ce yayarsa ta fita kasuwa, akwai abinci a rufe. Ya ce ya ƙoshi.

"Wayar nan na zo in duba miki, Inna. Wadda kika ce tana kuka."

"Sai yau? Ai ta warke da kanta, tun Litinin ta yi shiru." Ta laluba jaka ta ciro ta. Ƙaramar waya ce mai maɓallai, an ɗaure bayanta da robar gashi don kada batirin ya faɗo. "Kwana biyu ta hana ni sakat. Yayarka ta ce in kawo ta goge, na hana."

"Me ya sa?"

"Ta duba min, ta ce lambobi ne kawai ba kan gado, amma a sama akwai sunan wurin aikinka. Na ce af, ai na san su! Irin na wancan lokacin ne da nake kwance. Na ce Auta ne ke gwajinsa, ya tuna da wayata." Ta zura allura ta ja zare. "Abin da na kira in gaya maka ke nan, ka ce sauri kake. Na ce to, tunda ba ya samun sukunin magana, ko wannan ɗin ma ya isa. Duk sanda ta yi ƙara sai in ce, ga shi can yana aiki."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ya buɗe akwatin saƙo. Suna nan, tun daga na ƙarfe biyu da rabi na Asabar, kowanne da ranarsa da lokacinsa, sanyin na raguwa daga wannan zuwa wancan. Kunya ta lulluɓe shi.

"Amma yanzu ta cika," in ji Inna. "An ce ko an turo min wani ba zai shiga ba. Tunda ga ka, goge min su. Ka dai bar min guda ɗaya."

Shi ke nan, ba ma sai ya nemi dabara ba, ita da bakinta ta ce. Ya shiga inda ake gogewa, ya zaɓi duka, ya danna. Sai tsohuwar wayar ta tsaya, ta rubuto masa tambaya a ɗan allonta mai tsagewa: ka tabbata?

Babban yatsansa na kan maɓallin. Inna na ta ɗinkinta. A waje wani mai gyaran takalmi ya wuce yana ƙwanƙwasa akwatinsa. A zuciyarsa Injiniya ya ga Baba a bakin ofis yana murza hula, yana tambayar ko kansa ne ya fara taɓuwa.

Ya danna a'a.

"Inna, ara min wayar nan zuwa yamma."

Ta ɗago, ta dube shi ta saman tabarau. "Lafiya?"

"Ba lafiya ba. Ɓarna na yi a wurin aiki, babba. Saƙonnin nan ba ke ya kamata su zo wa ba. Wanda ya kamata su je wa bai samu ba, magani ya lalace, yau za a kore shi."

Ta soke allurar a jikin rigar matashin ta ajiye. "Ya san kai ne?"

"Ba wanda ya sani."

"Yaro ne ko babba?"

"Ya kusa sa'an mahaifinmu."

"In ka kai musu wannan, kai za su kora?"

"Wataƙila."

Ya ga leɓenta na motsi, ya san sunayen 'ya'yansa take bi. Ya jira ta ce ya yi tunanin iyalinsa. Ya jira ta ce ya ji tsoron Allah. Ko wanne ta faɗa, da ya ji sauƙi, don da ya sami wanda zai raba nauyin da shi. Ba ta faɗi ko ɗaya ba.

"Ashe ba ni kake aiko wa ba," ta ce kawai.

"Inna..."

"Shiga ɗaki, bayan ƙofa akwai abin cajinta, ka haɗa da shi. Ba ta riƙe wuta. Kada ta mutu maka a gaban mutane."

Bas ta biyu ta tsaya shan mai, don haka uku da kwata ya iso. Ɗakin taron na sama, dogon tebur ne da kujeru takwas. Shugabar asibiti na can ƙurya, Jami'in Mulki a damanta da takardu a gabansa, sai mai harhaɗa magani da babbar ma'aikaciyar jinya. Baba na zaune shi kaɗai a ƙarshen tebur. Ya riga ya ciro makullan sito daga ɗamararsa ya ajiye a gabansa, ba wanda ya ce ya yi.

"Kai muke jira, Injiniya," in ji Shugaba. "Ina rahoton?"

"Ranki ya daɗe, a ba ni minti ɗaya."

Ya zagaya yana neman wurin sa caji. Guda ɗaya ne ke aiki a ɗakin, shi ya fi kowa sani, yana jikin bango kusa da Baba. Ya durƙusa ya jona. Wayar ta yi 'yar ƙara, allon ya kawo haske. Igiyar gajera ce, da ƙyar ta kai bakin tebur.

"Wannan kuma tarkacen na wane ne?" in ji Jami'in Mulki.

"Ta mahaifiyata ce."

'Yan kwamitin suka dubi juna. Baba, wanda bai san abin da ke tafe ba, ya ga gumi na bin wuyan Injiniya, sai ya miƙa hannu ya jawo masa kujerar da ke kusa da shi.

"Zauna, ɗana, ka sha rana."

Bai zauna ba. Takardar da ya sa wa hannu na nan a ninke cikin aljihunsa, ya bar ta a can. Ya gangara har ƙasan akwatin saƙo, ya buɗe na farko, na ƙarfe biyu da rabi na ranar Asabar, ya fara karantawa.